Wayar Da Ke Aljihunka Ta San Inda Kake Kwana: Jawabin Kwamitin Kare Haƙƙi Ga Taron Jama'a



Muna godiya ga Allah da ya sake haɗa fuskokinmu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba kwamitin kare haƙƙi wannan lokaci. A tarurrukan baya mun yi magana kan takardar haya da kuma abin da mutum zai yi idan an kama shi. Yau maganarmu a kan wayar salula ce, musamman yadda take bayyana inda mutum yake ga wanda bai kamata ya sani ba, da abin da doka ta ba mu a kan haka.

Dattawan da ke nan suna tuna lokacin da saƙo zuwa gida sai dai wasiƙa a hannun direban babbar mota, ko a je layi a ofishin NITEL. A shekarar 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya, kuma babu shakka mu mazauna Kudu muna cikin waɗanda suka fi cin moriyarta. Daga Agege mutum yana jin muryar mahaifiyarsa a Katsina, daga Mile 12 yana jin farashin tumatir a Kano kafin mota ta taso. Sai dai wayar yau ba ta tsaya ga kai magana ba. Ta san gidan da kake kwana, da masallacin da kake sallar Asuba, da ranar da kake kai kuɗi banki, domin duk inda ka sa ƙafa tana tare da kai.

Ya kamata mu fahimci yadda take sanin haka, don da yawa daga cikinmu suna zaton tauraron ɗan'adam ne yake kallonmu daga sama. Ba haka abin yake ba. Taurarin GPS suna can nesa da ƙasa da wajen kilomita 20,000, aikinsu kawai su yi ta aiko da sigina. Wayarka ce take karɓar siginar aƙalla huɗu daga cikinsu, ta yi lissafi, ta gane inda take, wani lokaci har kusan ƙofar ɗaki. Tauraron bai san da kai ba. Wanda yake ɗaukar wannan lissafi ya kai wa wani shi ne manhajar da ka sa a wayar da hannunka, ka kuma ba ta izini. Wannan albishir ne, domin ƙofar da mutum ya buɗe da kansa yana iya rufe ta.

Akwai kuma hanyar da ba ta rufuwa. Kowace waya, har ƙaramar nan mai maɓallai, dole ta riƙa magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Saboda haka kamfanin layinka ya san unguwar da kake. A gari irin Legas, inda turaku suke kusa da juna, sanin yana matsowa sosai. A daji kuwa yana iya zama tazarar kilomitoci. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su adana irin waɗannan bayanai na tsawon shekara 2, kuma tun daga Disambar 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN. Ke nan layi da suna da wuri duk sun haɗu a hannu ɗaya. Wannan ba a gyara shi da danna maɓalli, doka ce kaɗai take tsare shi, za mu dawo kansa.

Me ya sa wannan magana ta fi shafarmu? Jama'a, mu mutane ne masu yawo da dukiya. Dillalin shanu ya tashi daga mayankar Oko-Oba da kuɗin mutum goma a jikinsa. Ɗan canji, mai gwal, mai POS, duk kowa ya san abin da ke hannunsu, abin da ɓarawo yake nema kawai shi ne yaushe kuma ta wace hanya. Idan Sallah ta zo muna rufe gidaje mu kama hanyar kwana da yini zuwa Arewa, a kan titunan da masu garkuwa da mutane suka sha tare matafiya. Sannan idan fitina ta tashi, Allah ya kiyaye, kamar yadda ta faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, sanin inda aka tara mata da yara ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan gari yana da dangi ta kowace kusurwa. Mu kuwa sau da yawa abin da ke tsakaninmu da sharri shi ne mai sharrin bai san ƙofarmu ba.

Idan an ce masu kutse, tunaninmu yakan tafi ga wani gwani mai tarin kwamfutoci a ƙasar waje. Irin wannan akwai shi. A 2019 kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa an yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus wajen shiga wayoyin mutane kusan 1,400, ba tare da sun danna komai ba. Amma wannan makami ne mai tsadar gaske, gwamnatoci ke sayen sa, 'yan jarida da 'yan siyasa ake bi da shi. Mai sayar da albasa ba shi ake nema da Pegasus ba. Namu kutsen mai araha ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga.

Tsagar farko, wadda muke roƙon kowa ya saurara da kyau, ita ce adireshin Gmail. Mutum ya sayi sabuwar waya a Computer Village ko a shagon bakin titi, sai ya miƙa wa yaron shago ya ce a buɗe masa komai da komai. Yaron ya ƙirƙiri adireshi, ya zaɓi lambar sirri, ya miƙo waya, Alhaji ya sa a aljihu ya tafi. Tambayi Alhaji lambar sirrin, bai sani ba. Yaron kuwa ya sani, wataƙila ma lamba ɗaya yake sa wa duk kwastomominsa. To, Google yana da wani tsari na neman wayar da ta ɓata. Duk wanda yake riƙe da adireshinka da lambar sirrinka yana iya buɗe wannan tsari ya ga wayarka a kan taswira, ya kulle ta, ko ma ya goge abin da ke ciki. Idan kuma tarihin zirga-zirga yana kunne, wayar tana rubuta inda ka je kowace rana. Ba mu ce yaran shago ɓarayi ne ba, yawancinsu neman halal suke yi, wasunsu ma 'ya'yanmu ne. Amma mabuɗin gidanka ba ya zama a hannun kafintan da ya sa maka ƙofa. Duk wanda aka buɗe wa adireshi ya canza lambar sirri yau, ya duba lambar wayar da aka sa domin dawo da adireshin ya tabbatar tasa ce, ya kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Kada lambar sirrin ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka, su ake fara gwadawa.

Tsaga ta biyu WhatsApp ce. Kusan kowa a nan ya san wani da aka ƙwace wa. Sai a kira ka da murya mai ladabi, a ambaci sunan ƙungiyarku ko masallacinku, a ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto. Wannan lamba shida ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka, ka karanto ta ka miƙa shi. Mutane suna ɗauka asarar ita ce kuɗin da za a roƙa da sunansu. Akwai abin da ya fi wannan. Ɓarawon yana zaune cikin zaurukan da kake ciki, yana karanta cewa motar kaya za ta tashi daren Laraba, wane ya tafi Umara gidansa ba kowa. Yana iya rubuta wa matarka ko ɗanka da sunanka ya ce a turo masa lokeshan, su kuma su turo, don a ganinsu kai ne. Maganin ba shi da wuya. Lamba shida ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce shi sakataren ƙungiya ne. A cikin setin na WhatsApp a sa lambar tabbatarwa mai mataki biyu. A leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, domin wanda ya ari wayarka na minti biyu yana iya haɗa ta da kwamfutarsa ya ci gaba da karanta saƙonninka. In ka ga na'urar da ba ka sani ba, ka cire ta. Wani salon kuma shi ne a sa ka danna wasu lambobi masu tauraro, waɗanda suke karkatar da kiranka zuwa wani layi. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa.

Sai manhajoji. A nan kwaɗayi ne mabuɗin wahala. Manhajar tocila ba ruwanta da inda kake, haka ta wasa, haka ta gyaran hoto, amma sai ka ga sun nemi izini mun danna amincewa ba tare da karantawa ba. Manhajojin bashi na gaggawa sun fi kowa ɓarna: su kwashe lambobin mutanenka da hotunanka da wurin zamanka, ranar da ka makara da biya su aika wa surukanka cewa kai ɓarawo ne. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa neman lambobin mutane da hotuna da takamaiman wuri. Shi ya sa yanzu wasu suke turo manhajar ta saƙo, su ce ka sauke kai tsaye. Duk manhajar da ta zo ta wannan hanya, har da jabun WhatsApp ɗin nan da matasa suke so saboda ƙarin kwalliya, babu wanda ya tantance abin da ke cikinta. A shiga setin, a nemo lokeshan, za a ga jerin duk manhajojin da aka ba izini. Taswira da manhajar kiran mota a bar musu izinin lokacin amfani kawai. Sauran a hana su. Wayoyin da suka fito daga 2021 zuwa yau galibi suna ba da zaɓi tsakanin takamaiman wuri da kintace. Manhajar lokutan sallah kintacen gari ya ishe ta, ba ta bukatar sanin ɗakinka. Kuma idan waya ta nemi a sabunta ta, a daure a sayi data a sabunta, yawancin abin da ke ciki toshe ramuka ne.

Hoto ma yana da baki. Idan lokeshan na kyamara yana kunne, kowane hoto yana ɗauke da lambobin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikinsa. A Disambar 2012 wani Ba'amurke mai suna John McAfee, wanda shi da kansa ya kafa shahararren kamfanin tsaron kwamfuta, yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba su goge waɗannan lambobi ba. Nan da nan duniya ta san yana Gwatamala, kwanaki kaɗan aka kama shi. A Janairun 2018 kuma wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava tana nuna sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudun safe da na'urorinsu a kunne. In masana da sojoji sun faɗa wannan rami, ina ga mu. WhatsApp da Facebook suna cire waɗannan lambobi daga hoton da sauran mutane suke gani, amma hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da su. Sannan ko babu lambobi, ido yana karanta abin da ke bayanka: allon shago, lambar mota, hasumiyar masallaci, kalar get. 'Ya'yanmu masu TikTok, musamman 'yan mata, ku ji wannan. Bidiyon da ake yi a ƙofar gida kullum taswira ce. Hoton tasha da rubutun cewa mun kama hanya sai Sakkwato, a bari sai an sauka lafiya a sa shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai wani ɓangare mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Wani lokaci mai bibiyar ba baƙo ba ne. Ana sayar da manhajojin da ake ɓoyewa a wayar mutum su riƙa aika wurinsa da saƙonninsa, kuma masu sayensu galibi miji ne, ko mata, ko saurayin da aka ƙi, ko maigida da yaronsa. Akwai kuma 'yan ƙananan na'urori irin AirTag na Apple, kamar girman kwabo, da ake iya jefawa cikin jaka ko ƙarƙashin kujerar mota. Wayoyin zamani suna yin gargaɗi idan irin wannan na'ura tana bin mutum, don haka in kun ga saƙon kada ku share. Uba ya san inda ƙaramin ɗansa yake, wannan tarbiyya ce. Mai keke ko babur ya sa na'ura a abin hawansa da sanin direba, wannan yarjejeniya ce. Amma a ɓoye wa baligi manhaja a waya, malamanmu suna nan, sun fi mu sanin hanin da ya zo a Suratul Hujurati game da bin diddigin asirin mutane, kuma dokar ƙasa ma ta ɗauki tare saƙon wani ba da izini ba a matsayin laifi. A ganinmu auren da sai da wannan zai zauna, zama da waliyyai ya fi masa amfani.

Yanzu ga haƙƙi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 41 ya ba shi damar zama a duk inda ya so a Nijeriya, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Babu inda aka ce wannan na 'yan asalin jiha ne kawai. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta kana da ikon tambayar kamfani wane bayani yake riƙe da shi a kanka, ka janye amincewar da ka bayar, ka nemi a gyara ko a goge, kuma in an ƙi ka kai ƙara hukumar. Tarar babban kamfani tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba mu ce doka ta toshe komai ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafuka suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. Amma haƙƙin da ba a nema ba ya zuwa da kansa.

Game da jami'an tsaro, ƙa'idojin hukumar sadarwa ta NCC na 2019 sun tanadi cewa sauraren sadarwar mutum sai da izinin alƙali, ban da wasu yanayi na gaggawa. A Oktoban 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana jami'ai binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya. In an tare ka an ce buɗe waya, kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi. Ka faɗa cikin ladabi cewa ba ka amince ba, ka riƙe wuri da lokaci da lambar mota, ka kawo wa kwamiti. Sashe na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga wanda aka tauye wa haƙƙi, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali.

Haka nan idan 'yan unguwa ko 'yan sintiri suka kawo fom suna neman suna da hoto da NIN da adireshi, a tambaya cikin mutunci: wa zai ajiye, don me, kuma kowa ake rubutawa ko 'yan Arewa kaɗai? Muna son zaman lafiya da masu masaukinmu, rajistar da ta haɗa kowa ba ma gudunta. Wadda ta ware mu kaɗai kuwa a sanar da Sarki kafin a cike. Wannan nauyi yana kanmu mu ma. Littafin ƙungiya yana ɗauke da sunaye da gidajen ɗaruruwan iyalai. Amana ce, ba a ɗaukar hotonsa a jefa a zauren WhatsApp.

In an sace waya, a fara da rufe layi da sanar da banki, domin ɓarawon yau layin yake so fiye da wayar. Sa wa layi lambar sirri tun kafin a sace yana hana shi aiki a wata wayar. A kula dai, kuskure sau uku yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI mai lamba 15 a ajiye a gida, 'yan sanda za su nema. Masu tallar cewa za su gano maka inda kowace lamba take in ka biya, ku guje su: ko dai damfara ce, ko kuma haramtacciyar hanya ce da gobe za a bi da ita a kanku. Kuma ko ka ga wayarka a taswira, kada ka tara matasa ku je karɓowa. A garin da muke baƙi, rigimar waya ɗaya tana iya zama ta unguwa.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce kwamiti ya hana amfani da lokeshan. Ga matafiyi rahama ce. WhatsApp yana ba da damar nuna wa mutum inda kake na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Mai hawa motar dare ya tura wa mutum ɗaya da ya yarda da shi, ɗan'uwa ko mai ɗakinsa, ba zauren mutum ɗari biyu ba, in ya sauka ya kashe. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a koya wa yara.

Bayan sallar La'asar matasan kwamiti za su zauna a nan domin duba wayar duk mai so, 'yan'uwanmu mata kuma za su duba ta iyaye mata a ɓangarensu. Wayar za ta kasance a hannun mai ita, su nuni kawai za su yi, kuma idan an zo wurin sa lambar sirri za su kawar da kai. Wanda bai iya karatun boko ba ya zo da ɗansa ko wanda ya amince da shi, da ɗan littafin da zai rubuta lambar ya ajiye a gida. Masu tambaya kuma, mai girma shugaba ya ba mu minti ashirin.